Jirgin Sama da Tukunyar Aro

A unguwanni da yawa akwai wata ƙatuwar tukunya guda, mai cin mudu ashirin na shinkafa, wadda kowa ya san gidan mai ita amma da wuya ta kwana biyu a can. Yau tana gidan suna, gobe gidan biki, jibi gidan da ake sadakar arba'in. Idan hidimomi suka cunkushe, kamar bayan sallah ko bayan kaka, sai ta zaga gida uku a wuni ɗaya: da asuba ana dafa shinkafar suna, da hantsi an kai ta gidan walimar sauka, kafin la'asar masu yinin biki sun zuba ido suna jiranta. Duk wanda ya san yadda wannan tukunya take rayuwa ya riga ya san rabin abin da ke sa jirgin sama makara.

Mutum yakan sayi tikitin ƙarfe 4 na yamma daga Kano zuwa Legas, a ransa yana ganin kamar akwai wani jirgi da aka wanke aka ajiye masa a gefe, yana jiran lokaci ya yi. Babu wannan jirgin. Wanda zai ɗauke shi wataƙila tun ƙarfe 7 na safe ya bar Legas ya nufi Abuja, ya dawo, ya je Fatakwal, ya sake dawowa, sannan ya kamo hanyar Kano. Jiragen da ke gajerun tafiye-tafiye sukan yi sawu huɗu, biyar, har shida a rana. Dalilin kuwa kuɗi ne. Sabon jirgi na cin dala miliyoyi masu yawa, kuma kamfanoni da dama haya suke ɗaukowa, suna biya duk wata ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba. Jirgin da ke ajiye a ƙasa ci kawai yake yi, ba ya kawo ko sisi. Shi ya sa ake jera masa aiki baki da baki, kamar yadda mai tukunya take yi wa gida uku alkawari a rana ɗaya don ba ta son kowa ya ji kunya.

To, a ce a gidan sunan nan na farko itacen ya kwana a ruwa. An hura, an fifita, hayaƙi kawai yake yi. Sanwar da ya kamata a ɗora da asuba ba ta hau ba sai da rana ta fito. Masu walima sun aiko yaro, an ce masa ya je ya dawo. Su kuwa itacensu busasshe ne, shinkafarsu a gyare, masu girki na zaune da muciya a hannu, ba su da laifin komai, amma baƙinsu za su ci abinci a makare. Masu yinin biki kuma ba su ma san an yi wani itace jiƙaƙƙe a duniya ba. Su dai sun ga magariba ta kawo jiki, amarya ta yi kwalliya, dangin ango sun cika tsakar gida, tukunya ba ta iso ba. Haka fasinjan Kano yake zaune a ƙarƙashin sama garau, babu hadari babu hazo, ana ce masa jirgi ya yi jinkiri saboda yanayi, yana ganin raina masa hankali ake yi. Sau da yawa gaskiya aka faɗa masa. Ruwan a Fatakwal aka yi shi, da safe, shi gado kawai ya ci.

Kuma tukunya ba ta tashi daga murhun wani ta hau na wani kai tsaye. Sai an kwashe, an jiƙa, an kankare ƙanzo, an wanke, an samo yara biyu ko baro a kai ta. Jirgi ma haka. Da ya sauka sai fasinja sun fita, a sauke kaya, a share ciki, a sha mai, a ɗora abinci da ruwa, matuƙi ya sauko ya zagaya yana duba tayoyi da fukafukai da bakin inji, sannan sababbin fasinja su hau. Kamfanoni masu arhar tikiti a Turai sukan ware wa wannan aiki kimanin rabin awa, wasu ma ƙasa da haka. Manyan jiragen da ke tsallaka teku sukan ci awa biyu. A 1972 kamfanin Southwest na Amurka ya shiga matsi har ya sayar da ɗaya daga cikin jiragensa huɗu, ya ce ukun da suka rage su yi aikin huɗun, sai ma'aikatansa suka koyi sauke jirgi da cika shi cikin minti 10. Abin ya yi suna, kamfanoni da yawa suka kwaikwayi wannan hanzari gwargwadon iyawarsu. Sai dai duk mintin da aka yanke daga wanke-wanke, minti ne da ake fakewa a cikinsa idan an makara. Idan tazara ta yi faɗi, jinkirin safe yakan narke a hanya. Idan an matse ta, sai ya yi ta kumbura, minti 20 na safe ya zama awa guda da azahar, ya zama awa uku da dare.

Masu ƙididdiga sun daɗe da gano wannan. A Amurka ba a rubuta jirgi a cikin waɗanda suka makara sai ya haura minti 15, kuma tun daga 2003 ake tilasta wa manyan kamfanoni su faɗi dalilin kowane jinkiri a cikin gida biyar: laifin kamfani, mummunan yanayi, cunkoson sararin samaniya da filaye, binciken tsaro, da kuma jirgin da ya iso a makare daga wani wuri. Shekara da shekaru wannan na ƙarshen yana kan gaba ko dab da gaba, yana kwashe wajen kashi 40 cikin 100 na mintocin da aka yi asara. Hukumar Eurocontrol da ke Brussels, mai lura da zirga-zirgar jiragen Turai, ita ma abin da take gani ke nan, wani lokaci ma har ya doshi rabi. Wato jiran tukunya ya fi jiƙaƙƙen itacen kansa ɓarna. Daga nan ne shawarar da tsofaffin matafiya ke bayarwa ta samo asali, cewa in da hali a bi jirgin farko na safe. Mai sunan asuba a gidansa tukunya ta kwana, babu wanda yake jira.

Amma tukunya ba ta girka kanta. Akwai matan da suka iya dafa mudu ashirin bai caɓe ba bai ƙone ba, kuma ba su da yawa a unguwa. Su ma ana jera musu gidaje, kuma su mutane ne, suna gajiya. Wadda ta tsaya a bakin wuta tun asuba, idan aka ce ta ɗora sabuwar sanwa bayan isha, gishiri zai yi yawa ko kuma wani ya ƙone. A jirgi ba a bar wannan ga ganin dama ba, doka ce. A Turai matuƙi ba ya wuce kimanin awa 13 a bakin aiki a rana ta yau da kullum, a Amurka kuma dole ya samu hutun aƙalla awa 10 kafin ya sake hawa. Agogon nan yana tafiya ko jirgi na sama ko yana ƙasa ana jira. Shi ya sa wani lokaci za ka ga jirgi ya iso, an sha mai, yanayi ya yi kyau, amma a ce ba za a tashi ba. Lokacin matuƙan ne ya ƙare a zaman jira. Ni dai ban ga abin fushi a wannan doka ba. Wanda ya taɓa ganin direban babbar mota yana gyangyaɗi a kan sitiyari ba zai so a roƙi matuƙin jirgi ya daure ya ƙara sawu ɗaya ba.

Mafi munin rikici shi ne ranar da tukunya take gida ɗaya, masu girki suke wani gidan, ita kuma uwar da ke riƙe da lissafin wa ke ina ta rikice. Wannan ya faru da Southwest ɗin nan a ƙarshen Disamban 2022. Guguwar ƙanƙara ta rufe filaye irin su Denver da Chicago, ta shafi kowane kamfani, amma sauran suka farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Su kuwa manhajar da ke haɗa matuƙa da jirage ta kasa bin sawun canje-canjen. Ma'aikata suka yi ta kiran ofis a waya suna shafe awoyi a layi don kawai su faɗi garin da suke. Ga jirgi babu matuƙi, ga matuƙi babu jirgi. Aka soke tashi sama da 16,000 cikin kimanin kwana goma, mutum kusan miliyan 2 suka maƙale a lokacin hutun Kirsimeti. Daga ƙarshe sai da kamfanin ya tsayar da mafi yawan aikinsa na 'yan kwanaki, ya mayar da kowane jirgi da kowane matuƙi inda ya kamata, sannan ya fara daga farko. Bayan shekara guda ma'aikatar sufurin Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 140.

Sai kuma murhu. Ko tukunya goma aka samo, in murhu ɗaya ne a gidan, bi da bi za su hau. Titin da jirgi ke sauka da tashi shi ne murhun. Heathrow ta Landan tituna biyu kawai take da su, amma an yarje mata sauka da tashi har 480,000 a shekara, kuma kusan duk ta cinye su, ta yadda kusan kowace daƙiƙa 45 wani jirgi yana sauka ko yana tashi. A irin wannan wuri hazon safiya ɗaya ya isa ya ɓata wuni, don babu gurbin da za a cusa wanda ya rasa layinsa. Abuja titi ɗaya gare ta, shi ya sa da aka rufe shi don gyara a watannin Maris da Afrilun 2017, na mako shida, sai aka karkata jirage zuwa Kaduna, fasinjoji suna ƙarasawa a mota ko a jirgin ƙasa. Wasu murahun kuma akwai lokacin da ake kashe wutarsu. A Frankfurt ta Jamus an hana tashi da sauka daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba tun 2011, don maƙwabta su yi barci. A Najeriya akwai filaye da dama da ba sa aiki bayan faɗuwar rana. Jirgin da aka tsara zai je irin wannan fili ƙarfe 5 na yamma, idan ya tara jinkirin awa biyu daga sawayen baya, tafiyar ta mutu ke nan sai gobe, kuma goben ma akwai masu tikitinta. Ka haɗa da hazon hunturu da ke rufe Kano da Maiduguri da Sakkwato har matuƙi ya kasa hango titi, ka haɗa da rufe fili na ɗan lokaci saboda wucewar manya, sai ka ga dalilin da ya sa watannin Disamba da Janairu suke da wahala ga matafiyi.

A da, fasinja ba shi da hanyar sanin komai sai abin da aka faɗa a lasifika. Yanzu yana iya aika yaro ya leƙo gidan da tukunyar take, kuma yaron yana cikin wayarsa. Yawancin jiragen zamani suna ɗauke da wata na'ura da ake kira ADS-B. Ita kan karɓi bayanin inda take daga tauraron ɗan'adam, sannan ta yi ta shela a iska, kusan sau biyu a kowace daƙiƙa: ni ne wane, ga inda nake, ga tsayin da na kai, ga gudun da nake yi. Ba a ɓoye shelar ba, duk mai 'yar eriya a saman rufi zai iya ji. Wasu mutum biyu a Sweden suka fara sauraro a 2006 don sha'awa kawai, abin ya girma ya zama Flightradar24. A Houston ta Amurka kuma FlightAware ta fara a 2005. Yau mutane dubun-dubatai a faɗin duniya sun kafa irin wannan eriya a gidajensu suna tura abin da suka ji, ana haɗawa ya zama taswirar da ƙananan jirage ke rarrafe a kanta. A Afirka eriyoyin ba su kai na Turai yawa ba, don haka jirgi kan ɓace a taswira na ɗan lokaci ya sake ɓullowa, kuma wannan ba ya nufin wani abu ya same shi.

Dabarar amfani da waɗannan manhajoji guda ce, kuma mutane da yawa ba su kula da ita ba. Lambar da ke kan tikitinka sunan hidima ce kawai, kamar a ce yinin bikin gidan wane. Ita tukunyar tana da alamarta daban, irin wadda mata ke ɗiga wa kayansu da fenti don kada su ɓace a taro. Kowane jirgi yana da lambar rajista a rubuce a jikinsa wajen jela: na Najeriya da 5N suke farawa, na Nijar da 5U, na Gana da 9G, na Habasha da ET. Idan manhaja ta nuna maka jirgin da aka ware wa tafiyarka, bi wannan alamar ka ga inda yake. In tikitinka na ƙarfe 4 ne daga Kano, ga shi ƙarfe 3 ta yi jirgin yana ƙasa a Fatakwal, kuma sai ya biya Legas tukuna, ba ka buƙatar kowa ya gaya maka cewa ƙarfe 4 ba za ta yiwu ba. Sai dai a yi hattara. Kamfani na iya aro wata tukunyar daga wani gida, ya turo jirgin da ba shi aka tsara ba, kuma teburin tantance fasinja yakan rufe ne bisa lokacin da aka sanar. Abin da ka gani a waya ya ishe ka ka gaya wa mai tarbarka kada ya fito da wuri, ka ɗauki maganinka da ɗan abin taɓawa a jakar hannu, amma bai isa ya sa ka zauna a gida ba sai kamfani ya aiko da saƙon canjin lokaci.

Akwai abin da taswirar ba ta nunawa, kuma shi ya fi damuna. Ita jirage take ƙirgawa, mutane kuwa ba sa cikin lissafinta. Jirgin da ya makara da minti 40 ƙaramin abu ne a littafin ƙididdiga. Amma a cikinsa akwai ɗan kasuwar da zai canza jirgi a Adis Ababa ya wuce Guwanzu, akwai tsohuwar da likita ke jira a Alƙahira, akwai ɗalibin da zai bi ta Istanbul. Irin waɗannan manyan filaye ana tsara su ne jirage su sauko a tare, mutane su yi musayar jirgi, su tashi a tare. Wanda ya iso bayan an rufe ƙofa, minti 40 ɗinsa ya zama kwana guda, wani lokaci fiye, in jirgin gobe a cike yake. Wani bincike da hukumar jiragen saman Amurka ta ɗauki nauyi, aka fitar a 2010, ya ƙiyasta cewa jinkirin jirage ya ci wa ƙasar kusan dala biliyan 33 a shekarar 2007 kaɗai, kuma kimanin rabin asarar a kan fasinjoji ta faɗa. Alhazai ma sun san wannan a jikinsu. Jirgi ɗaya ne ke kai sawu Jidda ko Madina ya dawo ya ɗauki na gaba, don haka tangarɗar sawu na uku ita ke zaunar da maniyyatan sawu na bakwai a sansani, dattawa da tabarminsu da butarsu, bayan sun riga sun yi sallama da gida.

Wani lokaci kuma abin yakan tsallake matafiya ya faɗa kan wanda bai taɓa hawa jirgi ba. A Afrilun 2010 dutse ya yi aman wuta a Iceland, tokarsa ta sa aka rufe sararin yawancin Turai na kusan mako guda, aka soke tashi wajen 100,000. A Kenya manoman furanni da kayan lambu, waɗanda kayansu ke tafiya Turai a jirgi kowane dare, sai zubar da su suka riƙa yi, aka ce wa dubban 'yan ƙwadago su zauna a gida. A ranar 28 ga Agustan 2023 kuwa ko toka ba a yi ba. Takardar hanyar jirgi ɗaya ce ta zo da wurare biyu masu alama iri ɗaya, kwamfutar masu kula da sararin Birtaniya ta rikice ta tsaya. An gyara ta a ranar, amma sai da aka kwashe kwanaki ana mayar da jirage da matuƙa inda ya kamata su kasance, kuma abin ya shafi mutum sama da 700,000.

Magani akwai, kowanne da kuɗinsa. Ana iya faɗaɗa lokaci a jadawali, tafiyar awa ɗaya a rubuta awa ɗaya da kwata, don ƙaramin jinkiri ya samu inda zai ɓuya. Ana iya ajiye jirgi guda da matuƙa a gefe ba sa komai sai jiran ko-ta-kwana, abin da babban kamfani zai iya amma mai jirage biyar ko shida zai ji a jikinsa. Ana kuma iya soke sawu ɗaya da gangan don a ceci sauran, kamar mai tukunya ta je da kanta ta ce wa masu walima, "Yaya, ku yi haƙuri ku raba girkin nan a ƙananan tukwane, in ba haka ba bikin yamma zai lalace." Akwai ɗaci, amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Turai ta zaɓi ta sa wa jinkiri farashi. Dokarta ta 2004, yadda kotu ta fassara ta a 2009, ta ba fasinjan da ya isa a makare da awa 3 ko fiye diyyar yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisa, muddin ba wani abu da ya fi ƙarfin kamfani ne ya jawo ba. A Najeriya ma ƙa'idojin hukumar kula da jiragen sama ta NCAA sun tanadi abin sha da na ci idan jira ya yi tsawo, mayar da kuɗi idan ya ƙara tsawo, da masauki idan dare ya yi, kuma hukumar tana karɓar ƙorafi. Fasinjoji da yawa ba sa nema don ba su san haƙƙinsu ba ne.

Abin da nake ganin ya fi sauƙi, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne faɗin gaskiya da wuri. Babu mai hankalin da zai zargi kamfani don an yi hazo, ko don matuƙi ya ƙi tashi da injin da bai yarda da shi ba. Amma ɗakin da ke tsara zirga-zirgar kamfani yana ganin inda kowane jirginsa yake fiye da yadda kowace manhaja za ta nuna, kuma tun hantsi ya san sawun yamma ya riga ya goce. Yana da lambar wayar kowane fasinja, don ya karɓa lokacin sayen tikiti. Saƙo ɗaya da ƙarfe 11 na safe, a ce jirginku ya makara a Fatakwal, ku zo ƙarfe 6 maimakon ƙarfe 3, zai bar mai shago ya ƙarasa cinikinsa, mai jego ta zauna a gida da jaririnta, mai canza jirgi kuma ya nemi a sauya masa tun akwai sauran kujeru.